Fuska ta Shida a Atamfar Maikanwa

A unguwar New Bell ta birnin Duwala, idan ka tsaya a bakin titi ka ɗaga murya ka ce "Maikanwa!" mutum uku za su waiwayo, na huɗu kuma ya leƙo ta taga ya tambaya ko shi ake nema. Asalin sunan ba wani abin a zo a gani ba ne. Kakanni ne suka gangaro daga Arewa da buhunan kanwa, suka iske Bature da alƙalami yana tambayar sunan iyali. Su kuwa ba su san wani abu wai shi sunan iyali ba, sai suka faɗa masa sana'arsu. Duk wanda ya taɓa ɗora kanwa a kansa a wancan zamani, Bakano ne ko Bakatsine ko Bafulatanin Garwa, haka aka rubuta shi. Jikoki suka tashi da suna ɗaya, alhali yawancinsu jini bai haɗa su ba.

Wannan bai taɓa damun kowa ba sai Malam Rabe Maikanwa. Tsohon akawu ne, ya yi aiki a wani kamfanin jiragen ruwa a Bonanjo, unguwar ofisoshi, har furfura ta cim masa, ya yi ritaya a kan kujerar da ya fara da ita. Da ya dawo gida ya zauna, sai ya gano cewa ƙasar nan cike take da manyan mutane masu irin sunansa, kuma babu wanda ya taɓa tara su wuri ɗaya. Shi ne ya kafa Ƙungiyar Zuri'ar Maikanwa, ya naɗa kansa sakatare, don ya san kujerar shugaba sai mai mota.

Kuma gaskiya akwai manya. Akwai Doktor Zakariya'u, likitan ido a Yawunde, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, amma yana aiko da fatan alheri duk shekara. Akwai Metir Mardiya, lauya a Bonanjo, wadda ko a gidan suna take magana kamar alƙali na saurare. Akwai Kwamanda Ɓoɓɓo, wanda ya ajiye kaki tuntuni, amma har yau idan ya shiga masallaci sai ya duba ko sahu ya miƙe kafin liman ya duba. Akwai Abubakar Siddiƙ, mai ɗaga tuta a gefen filin ƙwallo, wanda talabijin ta taɓa nunawa a filin wasa na Japoma yana gudu da tutarsa, unguwa ta daɗe tana zancen. Sai uwa-uba Hajiya Zinariya, babbar dillaliyar atamfa a kasuwar Mboppi. A falonta ake zaman ƙungiya, shinkafarta ake ci, saboda haka ra'ayinta ne ke zama ra'ayin jama'a.

Malam Rabe ya san rayuwar waɗannan mutane fiye da yadda ya san ta 'ya'yansa. Ya san shekarar da Doktor ya tafi karatu da wadda ya dawo, ya san shari'ar farko da Metir ta ci. Idan ka gamu da shi a hanya ka tambayi lafiyarsa, sai ya ba ka labarin hawan jinin Kwamanda.

To, a Duwala ba a yin taro sai da atamfa mai fuska. Idan tsoho ɗan ƙabilar Bamilike ya mutu, wata rana za ka ga fuskarsa a bayan mata fiye da a ƙirga suna rawa a titi. Coci na bugawa, ƙungiyoyin mata na bugawa, masu neman kujera na bugawa. Hajiya Zinariya ta daɗe tana sayar wa mutane fuskokin danginsu, sai wata rana a wurin zama ta ajiye cokali ta ce, "Mu fa, me ya rage mu? Mu buga namu panye, atamfarmu ta kanmu. Ranar ƙaramar Sallah mu fito gaba ɗaya, maza da mata, yadi ɗaya, mu nufi filin Idi, Duwala ta san akwai Maikanwa."

Aka yi tafi. Wasu dattawa sun ɗan yi gunaguni cewa a Kano namiji ba ya sa atamfa, aka tuna musu cewa a New Bell aka binne cibiyarsu. Masu bugawa suka ce zanen ba zai ɗauki fiye da da'ira shida ba, kowace da fuska ɗaya. Biyar ba su buƙaci shawara ba. Da aka zo kan ta shida, falon ya amsa da baki ɗaya, aka ce Alhaji Umar Faruk.

Alhaji Umar Faruk shi ne muryar filin Hausa a gidan rediyo shekara da shekaru. Daga bakinsa mutanen New Bell suka riƙa jin an ga wata, daga bakinsa suka ji wane ya rasu, wance ta haihu, da bakinsa matafiya suka gaida iyayensu. Kuma shi ne wan Malam Rabe, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da ubansu ya rasu Rabe ko wando bai iya ɗaurewa ba. Umar Faruk ne ya riƙe shi, ya sa shi makaranta, ya bi ofis-ofis a Bonanjo yana roƙo har ya sama masa kujerar akawun nan. Yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta tafi da hannun dama, ta karkatar da baki, ta ɗauke maganar gaba ɗaya. 'Yarsa Hafiza ce ke jinyarsa a tsohon gidan ubansu.

Malam Rabe da kansa ya kai masa albishir, tare da mai hoto. Tsohon ya ƙi a ɗauke shi a kwance. Ya sa aka yi masa wanka, aka zura masa farar babbar riga, aka gyara masa hula, aka zaunar da shi a kujera. Ya sa yatsun hagu ya tallafe kumatun da ya zube, ya yi wa mai hoto alama da ido ya shirya, sannan ya janye hannun da sauri kafin kumatun ya koma. Sai da aka maimaita ya gamsu. Malam Rabe ya juya baya ya share hawaye, kuma hawayen na gaskiya ne, kada wani ya ce ba haka ba.

Matsalar ta fara ne ranar da ya jera hotunan shida a kan teburinsa zai kai wa Hajiya. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sai ya lura da wani abu da bai taɓa lura da shi ba: duk cikinsu babu shi. Wa ya nemo Doktor? Wa ya lallashi Kwamanda? Wa ke yawo a kan benskin, wato acaɓa, cikin ruwan Duwala yana sanar da taro? Ranar Sallah zai ɗauki mutum shida a jikinsa ya kai su Idi ya dawo da su, kamar yadda ya yi shekarunsa yana ɗaukar takardun manya daga wannan ofis zuwa wancan. Tunanin ya shige shi ya zauna daram, ya hana shi jin daɗin abinci.

A zama na gaba, bayan an buɗe da addu'a, sakatare ya nemi izinin magana.

"Jama'a, kun san babu wanda ya kai ni son Yaya," ya ce, ya ɗan tsaya don maganar ta zauna. "Amma mu yi zancen hankali. Atamfa abar kallo ce, ba abar saurare ba. A cikinku wa ya san fuskar Yaya a zamaninsa? Murya aka sani. Da ana buga murya a jikin yadi, wallahi ni zan fara ɗaga hannu. Sannan ku dubi halin da bakinsa ke ciki yanzu. Mutunta shi za mu yi, ko tallan lalurarsa za mu yi a titi?"

"Wala! Magana ke nan," in ji Kwamanda Ɓoɓɓo, wanda daman ba ya son a jera lambobinsa kusa da majinyaci.

Metir Mardiya ta gyara gilashi. "Bon. Idan an cire shi, wa za a sa?"

Malam Rabe ya ɗaga kai yana kallon fanka kamar bai taɓa ganin irinta ba. Ƙamshin miya na shigowa daga kicin, Hajiya Zinariya kuma ba ta son abincinta ya huce.

"Sekretar, kai ne ka tara mu," ta ce. "Kawo hotonka mu huta."

Ya ce subhanallah, shi wane ne. Aka matsa, ya ce a'a, bai kai ba. Aka sake matsawa, sai ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro hoto sabo fil, har da farar babbar riga. Wata malamar Islamiyya mai suna Ikilima ta ɗaga hannu daga can bakin ƙofa ta ce tana da tambaya a kan shiga sallah da wannan yadi. Aka ce ta bari sai ƙarshen zama. Ƙarshen zama kuwa shinkafa ce.

Atamfa ta iso cikin azumi. Koriya ce shar, da'irori shida masu ruwan zinare, a ƙasansu an rubuta sunan zuri'a. Ba a sa sunan kowa ba, domin Hajiya ta ce wanda sai an rubuta sunansa kafin a gane shi bai cancanci shiga ba tun farko. Malam Rabe ya shimfiɗa turmi a kan gado ya tsaya yana kallo. Ga shi nan tsakanin Doktor da Kwamanda, ga shi kuma can, ga shi a gefe rabinsa ya shige ninki. Bakinsa har kunne, ya manta da ƙishirwar azumi.

Yana cikin haka Hafiza ta yi sallama, turminta a hammata. Ba ta zauna ba. Ta warware yadin a tsakar ɗaki.

"Baffa, ina Baba?"

"Hafiza, zauna mana. Komite ne suka yanke. Ni sakatare ne kawai, abin da aka ce shi nake rubutawa."

"Kullum sai ya ja gefen rigarsa ya nuna mini ƙofa, yana tambaya ko ta iso. Me zan ce masa?"

"Ki ce masa jirgi bai iso ba."

"Har ranar Sallah jirgin bai iso ba, alhali duk unguwa na sanye da ita?"

Ta naɗe yadinta ta fita, ko sai an jima ba ta ce masa ba. Daga ranar tsoro ya kama Malam Rabe, tsoro na gaske. Bai ji tsoron Hafiza ba, bai ji tsoron bakin mutane ba. Ranar da Yaya zai bi da'irorin nan da ido ya kai ta shida, ita ce ke faɗo masa a rai ko yana cikin sallah. Ya daina zuwa gaishe shi. Har hanyar masallaci ya canza don kada ya bi ta ƙofar gidan.

Ana cikin goman ƙarshe, a wurin tafsiri bayan la'asar, Liman Jibirilla ya rufe littafi ya dubi jama'a.

"Na ji an ce wasu bayin Allah za su zo Idi da mutum shida-shida a jikinsu," ya ce. "To ni dai ba zan ja wannan sallah ba. Mutum ya yi ruku'u, na bayansa ya ɗago ya tarar da Kwamanda yana kallonsa, ina nutsuwa a nan?"

Masallaci ya kwashe da dariya, ban da 'yan Maikanwa. A lokacin teloli sun riga sun ɗinka fiye da rabi. Sai ga shi kowa ya tuna cewa ya san wannan hukunci tun yana yaro, kowa kuma ya ce daman shi ya so ya yi magana.

Washegari Kwamanda ya jagoranci tawaga zuwa zauren liman, sakatare na biye.

"Allah gafarta Malam," in ji Kwamanda, "fardon, amma ko Makka ai da fasfo ake shiga, kuma da hoto a ciki."

"Fasfo a aljihu yake zama, Kwamanda. Idan za ku iya cusa rigunan nan a aljihu, bismillah."

"To yanzu yaya za a yi? Yadi ya riga ya shiga almakashi."

Liman ya shafa gemu. "Malamai sun ce idan babu kai, babu hoto. Ku rufe kawunan, ku zo da sauran."

Haka aka yi. Hajiya Zinariya ta fito da farin yadi daga shagonta tana tsaki, aka rarraba wa telolin unguwa, waɗanda daman aikin Sallah ya kai musu iya wuya. Abdurrazak tela ne ya gano cewa bakin kofin shayi daidai yake da girman kan kowane babban mutum, daga Doktor har mai tuta. Aka riƙa kifa kofi ana zagayawa da alli, ana yankewa, ana ɗinkewa a kan fuska. Kan ka ce kwabo manyan zuri'ar Maikanwa sun koma kafaɗu da fararen faci. Doktor ya tsira da farar rigar asibiti, Metir da baƙar rigar kotu, Hajiya da sarƙoƙinta, Abubakar Siddiƙ da tutarsa. Kwamanda ya ce shi bai yi asarar komai ba, daman lambobin ake kallo. Da'ira ta shida ce kawai ba ta da wata shaida, domin farar babbar riga kowane tsoho a New Bell yana da ita.

Ana gobe Sallah Hafiza ta tare Malam Rabe a bakin shagon Abdurrazak.

"Na kai wa Baba tasa rigar," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan mai farar riga ya dube ni, na ce masa, ga ka nan Baba, liman ne ya sa aka rufe ku duka. Ya yi dariya har da hawaye. Tun da ya kwanta ban ga ya yi irin wannan dariya ba." Ta dube shi ido cikin ido. "Baffa, Allah ya rufa maka asiri. Ka bar shi a rufe."

Malam Rabe ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Ya yi wa Allah godiya da zuciya ɗaya, ya yi wa Liman Jibirilla addu'ar tsawon rai. Da mutum ne mai zuciya ɗaya tak, da labarin ya ƙare a nan.

Sai dai akwai turmi guda da ya ɓoye a ƙasan akwati tun ranar da liman ya yi magana, kuma tuni ya kai shi wurin wani tela Bamilike a can bayan kasuwar Mboppi, inda babu wanda ya san shi. Ya ce a ɗinka masa kaftani, a kuma daidaita yankan yadda mai farar rigar nan zai faɗo a tsakiyar ƙirji. Ga yadda ya lissafa abin: ya riga ya ci amanar ɗan'uwansa, ya sha zullumi, ya rame, sannan a ce ko kallo ɗaya ba zai samu ba? Liman dai sallah ya ambata, bai ambaci titi ba.

Ranar Sallah zuri'ar Maikanwa ta fito kamar yadda aka tsara, kore shar daga farkon layi har ƙarshensa, Kwamanda a gaba yana daidaita tafiya. Duwala kuwa ta san akwai Maikanwa, don masu benskin har tsayawa suka yi suna tambaya ko wata sabuwar ƙungiyar asibiti ce. Aka yi sallah lafiya, babu wanda ya kalli wani daga bayan wani. Ana shafa fatiha Malam Rabe ya sulale gida, ya tuɓe mai faci, ya zura wadda aka ɗinka masa a bayan Mboppi, ya fesa turare.

Matarsa Lauratu ta tsaya da ludayi a hannu. "Malam, ina za ka a haka? Ba gidan Yaya za ka fara zuwa ba?"

"Ɗan zagaye kawai zan yi. Zan dawo in canza kafin in je."

Ya fita ya turo ƙirji gaba. Mutane kuwa sun kalla, tunda shi kaɗai ne mai kawuna a duk unguwar. Mai soya na bakin kwana, wato mai tsire, ya bar wuƙarsa ya matso.

"Kai, ga Kwamanda! Ga Hajiya, wallahi kamar ta yi magana. Wannan ai mai tuta ne na Japoma." Ya kai yatsa tsakiyar ƙirjin. "Wannan fa?"

"Duba da kyau," in ji Malam Rabe, ya ɗaga haɓa daidai yadda ya ɗaga a hoton.

Mai soya ya ƙanƙance ido. "Kamar na san shi. Ba direban Hajiya ba ne?"

Malam Rabe ya wuce abinsa. A layi na gaba wasu 'yan mata suka tsayar da shi suka ɗauki hoton Metir Mardiya da wayoyinsu, ɗaya har ta roƙe shi ya ɗan juya don hannunsa na tare ta. Gaba kaɗan wata tsohuwa Bamilike mai sayar da gasasshiyar ayaba, wadda ta yi shekara da shekaru tana ganinsa yana wucewa, ta dubi ƙirjinsa ta girgiza kai cikin tausayi.

"Ashiya, sannu da rashi, papa. Yaushe ya rasu?"

Wannan ta yi masa zafi ƙwarai. Ya ce a ransa ba zai koma gida ba sai ya samu mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda zai dubi rigar ya dube shi ya ce, ai kai ne. Ya shiga wannan lungu ya fita wancan, yana gaida wanda ya sani da wanda bai sani ba, yana tsayawa fiye da yadda gaisuwa ke buƙata. Zufa ta jiƙa Doktor, ta jiƙa Kwamanda. Ruwan da aka yi da asuba ya cika kwata ya tare wata hanya, ya kauce ya bi ta kan katako, ya sake kaucewa. Hankalinsa na kan idanun mutane, ƙafafunsa kuwa suka bi hanyar da suka fi sani tun yana yaro. Bai farga ba sai da ya ga bishiyar mangwaron ƙofar gidan ubansu.

Hafiza ta sa an fito da tsohon an zaunar da shi a kujera a bakin ƙofa don ya karɓi gaisuwar Sallah. Yana sanye da koriyar rigarsa mai faci, hula a gyare. Mutane sun kewaye shi, wani na cewa, "Alhaji, an ce kana ciki, wanne ne kai?" shi kuma yana ɗora yatsa a kan farin facin mai babbar riga yana buga ƙirjinsa, rabin bakinsa na murmushi.

Malam Rabe ya tsaya cak. Ya yi niyyar juyawa, amma ya makara. Yaya ya riga ya hango shi, ya ɗaga hannun hagu yana kiransa da murna, irin ta wanda ya daɗe bai ga ƙaninsa ba. Mutane suka buɗa masa hanya. A ranar Sallah, a gaban jama'a, ƙane ba ya juya wa wansa baya. Hafiza ta ga rigar tun daga nesa, ta dafe ƙofa.

Ya matso, ya rungume hannuwa a ƙirji, amma hannu biyu ba sa rufe kaftani. Kuma dole ya durƙusa, don a tsaye ba a gaida Yaya. Da ya durƙusa ya miƙa hannu, ƙirjinsa ya zo daidai idon tsohon.

"Barka da Sallah, Yaya."

Alhaji Umar Faruk ya riƙe hannun, idonsa ya sauka a kan rigar. Ya ga Doktor ya gyaɗa kai, ya ga Kwamanda ya ɗan yi dariya. Sannan ya zo tsakiya. Bai ƙanƙance ido ba, bai nemi a matso ba. Ya dubi hoton, ya ɗago ya dubi Rabe. Duk faɗin New Bell shi kaɗai ne ya gane shi a kallo ɗaya.

"Yaya, komite ne suka..." Da tsohon na iya zagi, da Rabe ya samu sauƙi, da ya sunkuyar da kai ya sha ya tashi. Amma babu bakin zagin. Sai kawai ya saki hannunsa, ya kai nasa kan ƙirjin ƙaninsa inda yadin ya ɗan tattare, ya shafe shi a hankali har fuskar ta miƙe sosai, ya ɗan bubbuga. Sannan ya sunkuya ya dubi farin facin da ke jikinsa, ya daɗe yana kallo. Ya kama wuyan rigar da hannu ɗaya ya fara ja sama, ta maƙale a kafaɗar da ba ta motsi.

"Baba, bari mana, ga mutane," in ji Hafiza.

Bai bari ba, ya ci gaba da ja. Da ta ga zai ji wa kansa ciwo sai ta taimaka masa ta zare ta. Hular ta faɗi ƙasa, ya zauna daga shi sai singileti. Masu gaisuwa suka fara janyewa ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna akwai inda ake jiransa.

Hafiza ta ninke rigar, ta ɗora a kan gwiwar Malam Rabe.

"Ga rigarka, Baffa. Duka biyun naka ne."

Ta kira maƙwabta biyu suka ɗaga kujerar da tsohon a kai suka shige da shi. Malam Rabe na nan durƙushe a bakin ƙofa, riga ɗaya a jiki ɗaya a gwiwa, yana jiran a ce masa ya shigo. Ba a ce ba.